Garwashin da Na Kulle a Gida Mai Taya

Akwai wata safiyar Juma'a a Alƙahira da ko tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, ita kam ba za ta tafi ba. Shekaru sun shuɗe, jikarmu da ake goyo a lokacin yanzu da ƙafarta take zuwa makaranta, amma har yau in ƙamshin turaren wuta ya taso daga gidan wani, gabana ne ke fara faɗuwa kafin hancina ya ji daɗinsa.

Maigidana, wanda zan kira Malam kamar yadda nake kiransa a gida, yana saurayi ya zo Masar karatu. A Darrasa ya zauna cikin ɗalibai, da ya gama kuma ya samu aikin tafinta a ofishin jakadancinmu. Ya je Funtuwa ya auro ni, muka kama haya a unguwar Faisal, hawa na biyar, muka shekara talatin da wani abu muna hawa muna sauka har gwiwoyinsa suka gaji. Da lokacin ritaya ya zo, komawa gida ba ta zo mana da sauƙi ba. 'Yarmu ɗaya tilo a nan take aure, likitan da ke duba zuciyar Malam ma a nan yake. Ga kuma wani buri da ya daɗe yana ajiye da shi: ya zauna ya rubuta wa ɗaliban ƙasarmu littafin Larabcin kan titi, irin wanda ba a koyarwa a aji, don yaro ya daina zuwa kasuwa yana magana kamar mai huɗuba. Da hannu yake son rubuta shi. Malam yana da rubutu mai kyau, na Larabci da na boko, kuma ya san yana da shi. Alƙalumansa ma akwati guda ne, ba mai taɓa masa.

Wani Bamisire abokin karatunsa yana da gonar dabino can kan hanyar Sakkara. Shi ya ce mu zo mu zauna a gefen gonar har iyakar ranmu. Sai dai ba a gini a ƙasar noma, baƙo kuma ba ya mallakarta. Daga nan maganar karafan ta fito, wato gida mai taya, wanda ake ɗauka a kai inda ake so a ajiye.

Ranar da Malam ya zo mini da zancen, kallonsa na yi daga sama har ƙasa.

Na ce, "Malam, yanzu da furfurarmu za mu koma zama a cikin mota? In 'yan'uwana suka tambaye ni ina gidana, in ce musu yana kan hanya?"

Ya yi dariya ya ce, "Ki ce musu gidanki ba shi da matakala. Je ki gani tukuna."

Na je na gani, a wani fili da ake sayar da irinsu a ƙarshen Faisal, kusa da ƙoramar Mariyutiya. Gaskiya ya fi yadda na zata: ɗaki da falo, ɗan kicin, banɗaki, har da kabad ɗin tufafi a jikin bango. Amma na hannu ne. Ma'aikatan wani kamfanin gini ne suka yi shekaru suna kwana ciki a hamada, kuma duk wanda ya kwana ya bar mana warinsa. Taba, zufa, takalmi, da wani abu da har yau ban san sunansa ba. Ina shiga na toshe hanci da mayafi. Malam kuwa ko a jikinsa, yana ta auna inda teburin rubutunsa zai zauna. Abin da aka ba shi na sallamar aiki a nan ya zuba shi, bai ko waiwaya ba.

Mai sayarwar ya ƙwanƙwasa bangon ya ce mu saurara. Ƙarfe ne siriri ciki da waje, tsakiya kuma soso ne. Ya ce sanyi ba ya shiga, zafi ba ya shiga, amma in wuta ta taɓa soson, kafin mutum ya ɗauko bokiti an gama. Na ji Larabcinsa sarai, amma sai da Malam ya juyo ya fassara mini, don ya san wadda yake aure.

"Hajiya, kin dai ji. Ban da kaskonki a cikin gidan nan."

Na ce, "Na ji."

Irin "na ji" ɗin nan ce da mace ke faɗa alhali ta riga ta gama shirya abin da za ta yi. Ni a gidanmu, ba a kwana a sabon ɗaki sai an turara shi. Haka na ga mahaifiyata ta yi, haka aka yi mini ranar da na tare, haka na yi a gidan Faisal ina amarya ban ko san hanyar kasuwa ba. Balle gidan da ƙarti suka bar wa wari, kuma matar mai gona za ta zo yi mana barka da zuwa. In bar ta ta shiga ta ji wannan? A raina na ce maza ba su san wannan ba, su dai a bar su da auna teburi.

Ina da aminiya a unguwarmu, Bahaushiyar Sudan, ta girme ni da 'yan shekaru, ina ce mata Yaya. Ita ke haɗa mini turare, icen sandal da kajiji da farce, wanda in ya kama tufa ko an wanke sau uku yana nan. Na ce ta haɗa mini mai ƙarfi. Ban gaya mata gargaɗin mai sayarwa ba.

Ranar Alhamis muka kwashe kaya muka zuba a karafan ɗin tun yana filin, don a ɗauke shi da komai a ciki. Malam da kansa ya ɗaure tukunyar gas da igiya a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Tsakaninta da kabad ɗin tufafi katako ɗaya ne, bai fi kaurin yatsa ba. An yi magana da mai babbar motar da za ta ɗauki gidan, ya ce zai zo bayan sallar Juma'a. Ni kuwa shekara talatin ina hulɗa da masu aikin garin nan. In mai gyaran famfo ya ce bayan Juma'a, ki sa rai da la'asar. In ya ƙara da "in sha Allah" yana murmushi, ki sa rai da gobe. Sai na yi lissafina: in na kunna da safe, kafin azahar garwashi ya mutu, ƙamshi ya kama, in ɗauke kaskona ba wanda ya sani.

Ranar Juma'a da safe na ce wa Malam za mu je jera kwanuka ni da Yaya. Muna isa na aike ta ta sayo mana burodi da wake a bakin titi. Na hura gawayi a waje, irin na shisha, wanda ke daɗewa bai mutu ba, don shi na samu. Na zagaya ɗakunan da kaskon, sannan na yi abin da muke yi wa tufafi: na ajiye shi a ƙasan kabad, ƙarƙashin manyan rigunan Malam da ke rataye, na ƙara turare, na rufe ƙofar kabad ɗin. Na rufe tagogi don kada hayaƙin ya fita. Na kulle gidan, na jefa makulli a jaka. Yaya ta dawo, muka zauna a inuwa muna karyawa. Ta ji ƙamshi a jikina ta ce, "Har kin gama?" Na ce e. Ita a zatonta na zagaya ne na kashe.

Ko rabin burodin ban ci ba na ji ƙarar babbar mota. Na ɗaga kai, sai ga ta tana shigowa filin da baya, doguwa, da ƙugiyar ɗaga kaya a bayan kanta, Malam kuma a gaba kusa da direba yana ɗaga mana hannu. Ashe direban ya samu wani aiki bayan salla, ya kira Malam ya ce a yi namu yanzu. A duk zamana a ƙasar nan, ranar ce kaɗai na ga mai aiki ya zo kafin lokaci.

Na miƙe tsaye, na koma na zauna. Kafin in gama tunanin yadda zan faki ido in shiga, filin ya cika da maza: mai sayarwa, ma'aikatansa, da direban, wanda kowa ke kira usta, kamar yadda suke kiran duk mai sana'ar hannu. Har sun fara zura sarƙoƙi ta ƙarƙashin gidan. Usta ya wuce ta gabana, ya ja numfashi ya ce, "Ma sha Allah ya Hagga, wannan ƙamshi haka?" Kowa ya yi dariya, aka ɗauka daga jikina ne. Ni ma na yi yaƙe.

Malam ya zo ya miƙo mini wayarsa, baki har kunne. Rabon da in gan shi cikin irin wannan farin ciki tun ranar auren 'yarmu.

"Hajiya, ɗauki bidiyo. Jikoki su ga gidan kakansu yana tashi sama."

Na karɓa na ɗaga. Ƙugiya ta ja, gidan ya rabu da ƙasa, ya karkata gefe ɗaya, na ji wani abu ya gangara a ciki ya bugu. Na ce a raina tukunya ce. Na san tukwanena duk a kwali suke, a ɗaure, amma na ce tukunya ce. Aka sauke shi a bayan motar, aka ɗaure shi da manyan ɗamaru, ɗaya ta bi ta kan ƙofar daidai. Usta ya ce yalla, wato a tafi. Malam zai bi su don nuna hanya, mu kuma mu biyo a tasi.

Ya sa ƙafa ɗaya a matakin motar. A nan bakina ya buɗe.

"Malam!"

Ya juyo. "Na'am?"

Mai sayarwar yana tsaye kusa da shi, shi da ya ƙwanƙwasa mana bango. Ma'aikata suna kallona. Na hango yadda za a kwance ɗamarar nan da aka sha wahalar ɗaurewa, a buɗe ƙofa, hayaƙi ya fito, Malam ya tsaya a gaban Misirawa yana jin kunyar matar da ba ta jin magana. Na ce wa kaina gawayin ai ɗan kaɗan ne, ƙila ma ya riga ya mutu.

Na ce, "Ba komai. Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce amin, ya shige, suka tafi.

Safiyar Juma'a titi fayau yake, amma tasi ma ba ta cika fitowa ba. Mun fi minti goma a tsaye kafin wani dattijo ya tsaya mana. Duk tsayuwar nan Yaya tana ta labarin labule. Mun hau hanyar bakin ƙorama kenan, motar ta taka irin tudun nan da ake yi don rage gudu. Ba ma da ƙarfi ba. Amma fulas ɗin shayin da Yaya ta ajiye a tsakanin ƙafafunta ya kife, murfin ya fita, shayi ya malale a kan takalmina. Na zuba wa fulas ɗin ido. Hanyar nan daga nan har gona irin tudun nan sun fi a ƙirga, kuma babbar mota ta fi tasi girgiza.

Na kama hannun Yaya. "Yaya, ban kashe ba."

"Me?"

"Kaskon. Yana cikin kabad, da wutarsa. Ƙarƙashin riguna."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. "Da anbuba a ciki?" Tukunyar gas take nufi. Na gyaɗa kai. Ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta daka mini tsawa irin wadda ba ta taɓa yi mini ba. "Me kike jira? Kira shi!"

Na ɗaga hannu zan nemi waya, sai na ga wayar Malam ce a hannuna. Tun ɗazu ina riƙe da ita.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Tsoro dai na sha ji a rayuwata, amma wannan daban ne, don na san da hannuna na ƙulla shi. Kicin ɗin gidan yana ta wajen kan motar, wato tukunyar gas tana bayan kujerar da Malam ke zaune, taku biyu ko uku. Mutumin da zuciyarsa ko ƙarar ƙofa ba ta so.

Yaya ta fisge wayar, da yake ba mu san wacce ce lambar usta a ciki ba, ta nemo lambar mai sayarwa, ya ba ta ita. Ta kira, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta sake, ta sake. Daga baya muka ji wayar tana cikin aljihun rigar da ya rataya a bayan kujera, ga ƙarar inji ga rediyo. Sai ta juya ga mai tasi ta zayyana masa da Larabci. Dattijon ya dube ni ta madubi, dubawa ɗaya. Bai zage ni ba, bai tambayi dalili ba. Ya kashe rediyonsa, ya ce, "Ku riƙe da kyau," ya taka mota.

Matsalar ita ce hanya biyu ce, ɗaya a kowane gefen ƙoramar, kuma ba mu san wadda suka bi ba. A wata gada ya ci burki kusa da wata mata mai sayar da ganye, ya leƙa ya ce, "Ya sitti, baiwar Allah, gida ya wuce ta nan?" Matar ta buɗe baki tana kallonsa kamar mahaukaci. Ya ce, "Gida a kan mota!" Sai ta gane, ta nuna tsallake, ta ce bai daɗe ba. Muka haye. Ya ratsa tsakanin keken jaki da 'yan tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, yana danna ham, tudun rage gudu kuwa bai ƙara rage wa ko ɗaya ba, kanmu na bugun rufin mota. Duk wanda muka taka, ni kaskon nake gani yana juyawa. Addu'ar da na sani duk ta gudu, abu ɗaya kawai nake maimaitawa, ya Allah ka bar mini shi, ya Allah ka bar mini shi. Idona yana sama, ina neman baƙin hayaƙi a kan dabinai, ina kuma tsoron in gan shi. Kunnena yana jiran wata ƙara. Yaya na ta kiran wayar usta, hawaye na zuba mata.

Ban san ko minti nawa muka yi ba. Mai tasin ne ya fara hango su, sai na ji ya ce, "Ya Sattar." Na bi idonsa. Ga motar can, ga gidanmu fari a kanta, a tsaye. A cikin gidan mai. Usta ya tsaya shan man dizal, bakin famfo na cikin tanki, motoci biyu na layi a baya. Malam ya sauko yana miƙe ƙafa, hannunsa a baya, yana kallon gidansa ta gefen da ba komai. Daga ɗan bututun iskar da ke kan rufin kicin kuwa hayaƙi ne ke fita siriri. Na san hayaƙin turare, fari ne. Wannan ba fari ba ne.

Tasi ba ta gama tsayawa ba na fita. Takalmi ɗaya ya tsaya a mota, mayafina ya faɗi a ƙasa ban ko juya ba. Larabcin shekara talatin ya ɓace mini tas, da Hausa na kurma ihu.

"Malam! Wuta! Na bar garwashi a kabad! Ni na bari, yana ciki da wutarsa!"

Ni da na ji kunyar faɗa a gaban maza biyar, ga ni ina faɗa kai ba mayafi a gaban gidan mai guda. Dattijon mai tasi ya biyo ni yana ihu da Larabci, "Gobara! Akwai anbuba a ciki!" Wuri ya hargitse. Mai zuba mai ya fisge famfo, masu layi suka watse da baya, wani ya bar motarsa a buɗe ya ruga. Usta ya ɗaga kai ya ga hayaƙin. Zai iya gudu kamar kowa, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya haye motarsa ya tayar, ya fitar da ita daga gidan man, ya kai ta wani fili a bakin ƙorama ya tsayar. Muka bi shi da gudu.

Malam bai ce mini komai ba sai, "Makulli." Na zazzage jakata a ƙasa na ba shi. Wani ya kawo wuƙa aka yanke ɗamarar da ta tare ƙofa. Usta ya riƙe shi ya ce, "Ya Hagg, bari, kai dattijo ne." Malam ya ce, "Ni na ɗaure tukunyar, ni na san ƙullin." Mutumin da ke hutawa sau uku kafin ya kai hawa na biyar, ban san yadda aka yi ya haye bayan motar nan ba. Yana buɗe ƙofa iska ta shiga, abin da ke ci a ɓoye ya tashi gaba ɗaya. Na ga ja ta taga. Ya ja rigarsa ya rufe hanci ya shige.

Na yi yunƙurin binsa, Yaya ta rungume ni ta baya. Ma'aikatan gidan mai biyu suka haye da tukwanen kashe gobara suna fesawa ta ƙofa. Ba na ganin komai sai hayaƙi da farin gari. Ina kiran Malam, Malam, ba amsa. Mutane suna ja da baya saboda tukunyar, ni ina ja gaba. A duk rayuwata ban taɓa tsayuwa mai tsawon wannan ba.

Sai ga shi ya fito da baya, a durƙushe, yana jan tukunyar. Usta ya karɓe ta da tsumma ya gangara da ita cikin ƙorama. Aka sauko da Malam yana tari kamar ransa zai fita. Da na ga yana numfashi, sai na zube a ƙasa. Sai a lokacin na lura da yadda yake riƙe da hannunsa na dama. Katakon da ke tsakanin kabad da kicin ya riga ya kama lokacin da yake kwance igiyar, soson bango kuma ya narke ya ɗiga masa a bayan hannu da yatsu, ya manne.

An kashe wutar. Kabad ya tafi, rigunansa duka sun tafi, bango ɗaya ya ƙone har ana ganin waje. Usta ya zo ya tsaya a kaina, fuskarsa baƙa ƙirin da hayaƙi. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Ya Hagga, 'ya'yana huɗu." Ya juya ya tafi. Har gobe in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi.

Dattijon mai tasi ne ya kai mu asibiti. Muna hanya ana kiran sallar Juma'a. Malam ya yi makonni ana wanke hannun, aka yi masa aiki har sau biyu. Hannun ya warke, amma yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa. Yana cin abinci da shi, yana gaisawa da shi, alƙalami ne dai ba ya riƙuwa.

An gyara gidan, muka tare, kuma a cikinsa nake zaune yanzu haka. Bangon da aka sauya launinsa ya ɗan bambanta da sauran, Malam ya ce a bar shi haka. Duk tsawon jinyar nan bai ce mini ko kanzil a kan abin ba, shirun kuwa ya fi duka ciwo. Sai wata rana da yamma muna zaune a ƙarƙashin dabino, yana duba wayarsa da hannun hagu, ya ci karo da bidiyon. Ashe ban tsayar da ɗauka ba a ranar. Na ji ƙarar ƙugiya, na ji dariyar ma'aikata, sannan na ji muryata tana cewa "Malam," tasa tana cewa "Na'am," sai ɗan shiru, sai "Ba komai."

Ya mayar da wurin baya ya sake saurara. Sannan ya ajiye wayar.

"Hajiya, da kika kira ni, wannan za ki gaya mini?"

Na ce, "Shi ne."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, "Turaren bai ba ni haushi ba. Tun da na aure ki da shi na san ki, laifina ne ma da na zata 'na ji' ɗinki ta gaskiya ce. Amma da kin faɗa a wurin nan, faɗan minti biyar zan yi miki. Minti biyar, Hajiya, mu wuce wurin."

Na yi kuka ranar kamar ba zan daina ba. Na roƙi gafararsa, ya ce ya yafe tun a asibiti. Washegari da safe ya ɗauko akwatin alƙaluman nan da ba mai taɓawa, ya ajiye a gabana tare da takarda. Ya ce littafi dai sai an rubuta shi. Rubutuna kamar tafiyar kaza yake, ya sani, na sani, kullum sai mun yi rigima a kan yadda nake jan wutsiyar harafi. Amma shi ke faɗa, ni ke rubutawa, har mun kusa kai ƙarshe.

Turare ban daina ba, sai dai a waje nake yi, a kan ƙasa, in tsaya a kansa har ya mutu in zuba masa ruwa. Gida mai taya ba ɗakin mahaifiyata ba ne, na koyi wannan. Amma babban abin da na koya ba a kan garwashi yake ba. Kowa yana kuskure, kuma kuskurena yana da gyara har zuwa lokacin da Malam ya ce "Na'am." Abin da ya ƙona hannunsa shi ne kunyar da na ji ta faɗin laifina a gaban mutane. Don haka in kin yi ɓarna, kuma bakinki ya riga ya buɗe, ki ƙarasa maganar ko a gaban wa kike. Ni na ce ba komai, ga shi kullum da safe ina ɗaukar alƙalamin mijina, shi kuma yana zaune gefena da hannunsa a kan teburin da ya auna wa kansa.